Kafin a sayar da fili a biya ejan, a fara gyara takardu



Duk mai zama a majalisunmu na Agege, ko Sabo ta Ibadan, ko Fatakwal, ya san hirar da ta fi yawa a bakin matasanmu masu digiri: fita waje neman aiki. Wannan Saudiyya, wancan Dubai, wani Kanada ko Ingila. Ba mu ga laifin mai neman halalinsa a inda ya fi masa ba. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake sayar da fili ko shago a tara kuɗin biza da tikiti, alhali takardar digirin da za a tafi da ita ko tantance ta ba a yi ba.

Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, wadda ta sa hatimi ɗaya ke wadatar da takardun ƙasashen da suka shiga cikinta. Don haka takardarmu sai ta bi matakai. Jami'ar da ta bayar da ita za ta tabbatar tata ce, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ke Abuja ta buga hatimi, Ma'aikatar Harkokin Waje ta ƙara nata, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya amince. Ma'aikatan lafiya masu nufin ƙasashen Larabawa kuma sai sun bi ta kamfanin DataFlow, wanda ke tuntuɓar makaranta kai tsaye. Masu neman zama a Kanada da yawa ta WES suke bi, ita ma daga jami'a take son sakamakon ya iso mata, ba daga hannun mai shi ba.

Ke nan ejan da ya ce zai haɗa maka komai cikin kwana uku, ko dai ƙarya yake yi, ko hatimin jabu zai buga. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ranar da aka gano, kai za a kora daga aiki, a kan fasfonka za a sa alama, shi kuma ya kashe wayarsa.

Mu tuna abin da ya faru a Disambar 2023, lokacin da ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Mu mazauna Legas, da Seme ke bakin ƙofarmu, mun san iyaye da dama da suka tura 'ya'yansu can da kyakkyawar niyya. Har waɗanda suka zauna a aji suka yi karatun gaskiya sai da abin ya shafe su.

Akwai kuma matsalar da ta fi kama mu Hausawa, wato suna. Yaro ɗaya, a takardar WAEC Mohammed, a digiri Muhammad, a fasfo Muhammed. A wata takardar an sa sunan uba, a wata sunan kaka, a wata kuma sunan gari kamar Daura ko Gwarzo. Ranar haihuwa ma ta NIN daban, ta makaranta daban. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne. Jami'in da ke zaune a Riyad ko Toronto, abin da ke rubuce kawai ya sani. Harafi ɗaya kan tsayar da fayil wata da watanni.

Wasu za su ce hanyar gaskiya na da wahala, Abuja da nisa, jami'o'i kuma na jan ƙafa wajen fitar da sakamako. Haka ne, kuma haƙƙinmu ne mu matsa wa hukumomin jami'o'i su gyara. Amma jinkirin wata biyu ya fi zaman gidan yari a ƙasar da ba ka da kowa.

Shawararmu ita ce, ɗalibi ya jera takardunsa tun yana aji uku, ya ga ko sunan ya zo ɗaya. In akwai saɓani, ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya bi hukumar da abin ya shafa a gyara. Kuɗin gwamnati a biya ta Remita a riƙe rasit, kada a zuba a asusun wani. A kuma tambayi wurin aikin irin tantancewar da suke so kafin a kashe ko sisi.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu su ma da nasu aikin. Muna da lauyoyi da malaman jami'a da ma'aikatan jinya da suka bi hanyar nan suka fita lafiya. A ware musu rana ɗaya a wata su zauna da matasa su duba takardu kyauta. Iyaye kuma, kafin ku saki kuɗin tafiya, ku ce a nuna muku hatimin.

Allah Ya ba 'ya'yanmu sa'a, Ya tsare su daga macuta.