WA YA CIYAR DA MA'AIKATAN DOGO WATA BIYAR?

'Yan'uwa na kwamitocin Maraɗi, Damagaram, Tasawa, Madawa, Ƙonni, Tawa da Yamai. A karanta wannan takarda a gaban jama'a, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba.

Akwai wata cuta mai kashe ƙungiya wadda ba abokin gaba ke kawo ta ba, a cikin gida take tashi. Sunanta "bari in yi da kaina". Na san wani kwamiti a wani gari mai babbar kasuwa, ba zan faɗi sunan garin ba. Sakatarensu mutumin kirki ne, bai taɓa cin dalar kowa ba. Amma littafin sunaye yana ɗakinsa, asusu yana ƙarƙashin gadonsa, hatimi yana aljihunsa, shi ke kiran taro, shi ke buɗewa, shi ke rufewa. Wata kaka ciwo ya kwantar da shi. Wata uku cur ba a zauna ba, ba a karɓi kuɗin karo-karo ba, wasiƙu suka taru ba mai amsawa. Da ya samu sauƙi sai ya ce, "Kun gani? In ba ni, ba abin da ke tafiya." Da alfahari ya faɗa. Mu da ke zaune kuwa kunya ce ta kama mu.

Saboda irinsa nake so in ba ku labarin ma'aikatan jirgin ƙasa.

A zamanin mulkin mallaka Faransawa sun shimfiɗa dogo huɗu a Afirka ta Yamma: daga Dakar zuwa Bamako da Kulikoro, daga Konakiri zuwa Kankan, daga Abijan zuwa Bobo-Julaso, daga Kwatano zuwa Paraku. Kowanne sun laƙaba masa sunan Nijar, don kogin, amma ba wanda ya taka ƙasarmu, kuma har yau dogon Kwatano bai wuce Paraku ba. Wannan wani zance ne na wata rana.

Ma'aikatan dogon nan an kasa su kashi-kashi. A sama Nasara, da albashinsu da gidajensu. A tsakiya 'yan Afirka kaɗan da aka ɗauka aikin dindindin, yawancinsu masu karatu. A ƙasa kuma taron jama'a, su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, waɗanda ake kira 'yan wucin gadi ko da mutum ya shekara goma yana zuba gawayi a tukunyar jirgi. Ba su da gida, ba su da tabbacin gobe.

A watan Satumba na 1938 'yan wucin gadin suka yi yaji a Tiyes, garin da manyan maƙerun dogo suke, cikin ƙasar Senegal. Su kaɗai suka fita. Shugabannin sandika, masu aikin dindindin, suka juya musu baya, wai wannan rigimar lebura ce. Ranar 27 ga watan soja suka buɗe wuta, mutum 6 suka mutu, da yawa suka ji rauni. Ba ƙarancin zuciya ya ja musu wannan ba, 'yan'uwa. Bango ne ya tsage.

A 1946 ma'aikata suka tuɓe tsohon shugaban sandika, suka ɗora wani saurayi mai suna Ibrahima Sar. Shi kansa ma'aikacin biro ne, yana cikin masu ɗan gata. Abin da ya fara yi shi ne buɗe ƙofa ga 'yan wucin gadi su shigo sandika ɗaya da masu alƙalami. Buƙatarsu guda ce: a haɗa kowa a tsari ɗaya, baƙi da fari, aiki ɗaya haƙƙi ɗaya. Da hukumar dogo ta yi alkawari ta saɓa, ranar 10 ga Oktoba 1947 kusan mutum 20,000 suka ajiye aiki a layukan nan huɗu. Ba su koma ba sai 19 ga Maris 1948.

To, ku tsaya nan ku yi lissafi irin na kasuwa. Magidanci ba albashi wata biyar da 'yan kwanaki. Wa ya ci da shi? Asusun sandika ba zai iya ba, ko kusa. Waɗanda suka riƙe yajin nan ba sunansu a littafin sandika. Yajin ya faɗo da kaka, sai ma'aikata da yawa suka koma ƙauyukansu, dangi suka buɗe musu rumbu. Wasu suka shiga su, wasu suka kama 'yan sana'o'i. 'Yan kasuwa suka ba da bashi, wasu suka ba da kyauta. Mata kuwa su suka ɗauki tukunya a kansu, suka yi saye da sayarwa, suka nemo abin da za a ɗora a murhu, suka kuma sa wa masu sulalewa su koma aiki waƙar zambo har mutum ya ji kunyar fita ƙofar gida. A Tiyes kullum ana taro, ana gaya wa kowa inda magana ta kwana, don kada jita-jita ta riga gaskiya isa kunne.

Usman Sambene ya rubuta littafi a kan yajin nan, ya fito a 1960. Tattakin mata daga Tiyes zuwa Dakar da ke cikinsa ƙagen marubuci ne, amma wahalar da matan suka sha ba ƙage ba ce.

Ku duba abin da mai karatu ya koya a watannin nan. Akawu mai farar riga, wanda jiya ba ya gaisawa da mai share dogo, ya gane in mai sharar ya koma aiki, takardarsa ba ta tsayar da jirgi ko ɗaya. Mai sharar kuma ya ba da amana ga wanda ke shiga ɗakin shawara ya yi magana da Faransanci a madadinsa, alhali ba ya jin abin da ake faɗa. Mutumin Bamako ya dogara ga mutumin Kwatano da bai taɓa gani ba, ba yare ɗaya, ba abinci ɗaya. Wannan ya fi jarumtaka wuya. Kowa na iya yin fushi shi kaɗai, amma ka sa abincin 'ya'yanka a hannun wani, sai an koya.

Na san abin da sakataren can zai ce, don ya taɓa ce mini: "In na ba wani asusu ya cinye fa?" Tambaya ce mai kyau, ba zan ce ba a cin amana ba. Su ma ma'aikatan dogo an bar su a rana. A watan Janairu na 1948 na layin Abijan suka koma aiki, suka bar sauran. Hukuma ta kawo ma'aikata daga Faransa, ta ɗauki sababbi. Manyan 'yan siyasa da yawa suka yi gum. Duk da haka sauran layuka uku ba su ce to, kowa tasa ta fisshe shi ba. Sun ƙara wata biyu da 'yan kai, har sabon gwamna janar, Pol Beshar, ya zauna da su. Ba su samu duk abin da suka nema ba. Amma an amince da tsari ɗaya, an ƙara albashi kashi 20 cikin 100, aka mayar da masu yaji bakin aikinsu. Bayan shekara huɗu, a Disamba 1952, dokar aiki ta ƙasashen da Faransa ke mallaka ta fito, bayan ma'aikatan Afirka ta Yamma sun sake tsayawa tare a watan Nuwamba.

Maganin tsoron cin amana kuwa ba sai mun je Tiyes neman sa ba. Ku dubi matanmu masu adashi. Uwar adashi ba waliyyiya ba ce, amma kuɗi ba ya ɓata, don kowa ta san zubin kowa, kowa ta san ranar ɗaukarta, ana ƙirga a gaban ido. Ku dubi gayya: mai gona ba ya bin kowane mai hauya yana gyara masa kunya, yana can yana kula da fura da ruwa. Kunyar wani za ta karkace, gaskiya ne. Gonar dai za ta nomu kafin la'asar.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowane kwamiti ya yi a zama mai zuwa. A raba littafi da asusu, kada su kwana ɗaki ɗaya. A ƙirga kuɗi a gaban mutum uku, ɗaya daga cikinsu ta zama mace. Saurayin nan da kullum aikinsa shimfiɗa tabarma, a ba shi ya karanta wasiƙa, in ya yi tuntuɓe a ƙyale shi ya kai ƙarshe, kada a fizge takardar. Mahauci da dillali da mai tuƙa kamiyo, kowa a ba shi unguwa ko hanyar da zai riƙa kai saƙo. Shugaba kuma ya zaɓi mako ɗaya ya yi zamansa a gida lafiyarsa ƙalau, ya ga ko za a yi taro. In an yi, a rubuto mana. In ba a yi ba, shi ma a rubuto mana, a faɗi abin da ya hana.