Ya Kamata Daura Ta Koyar Da Rubuta Bayani Ga Ƙirƙirarriyar Basira

Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da MCP, tsarin haɗa manhaja da kayan aiki, a Nuwamban 2024, manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke ƙara sarrafa kayan aikin kwamfuta da kansu. Manhajar ba ta ganin cikin kayan, bayanin da aka rubuta mata kawai take bi. In bai fayyace amfanin kayan, abin da za a shigar da inda bai dace a taɓa shi ba, kuskure na iya faruwa cikin sauƙi.

Muna kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri da ke Daura su koyar da ɗalibai wannan rubutu, a riƙa gwada kowane bayani da aiki na gaske kafin a amince da shi.