Sharhi: Tsohuwar Ferrari ta kai biliyan 30 na sefa, a Abidjan kuwa shekara 5 ne iyaka

A watan Nuwamban 2023 kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sayar da wata Ferrari ƙirar 1962 a birnin New York kan dala miliyan 51.7, wato sama da biliyan 30 na kuɗin sefa. Da a ce an sauke wannan mota a tashar jiragen ruwa da ke gefen Treichville, mai shigo da tokumbo abin da zai fara dubawa shekarunta ne, ya kuma girgiza kai.

Dalili kuwa, tun ranar 1 ga Yulin 2018 gwamnatin Kodebuwa ta fara aiki da dokar da ta hana shigo da ƙananan motocin da suka haura shekara 5 da ƙerawa. Ƙananan bas-bas an ba su shekara 7, manyan motoci 10. Hujjar gwamnati ita ce hayaƙi da yawan haɗurra, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bayan tsohuwar gbaka a cunkoson Adjamé ya san ba ƙarya ta yi ba. Sai dai dokar ta tsadantar da motocin da ake kira "France au revoir", waɗanda da su talaka ke mallakar abin hawa.

To me ya sa tsufan da ke kashe mota a nan yake ɗaga waccan?

Sunanta 250 GTO. Guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, da inji mai silinda 12 da ƙarfin doki kusan 300. Don tsere aka yi ta, kuma ta ci wa Ferrari gasar duniya ta ajinta shekara uku a jere. Sabuwarta dala 18,000 ce a Amurka, amma kuɗi kaɗai ba ya sayen ta, sai mai kamfanin, Enzo Ferrari, ya yarda da kai. A 2018 an sayar da wata a Monterey kan dala miliyan 48.4, a 2019 kuma wata kotu a Bologna ta ɗauke ta a matsayin aikin fasaha, kamar zane ko sassaƙa.

Ƙarancinta na da tasiri, amma ni a ganina takarda ce ke riƙe da farashin. Kowace ɗaya an san lambar jikinta, an san tseren da ta shiga, wanda ya tuƙa ta, da hannun da ta bi har yau. Mai saye yana son injin da ke ciki ya zama wanda aka haife ta da shi. Ferrari ma tana da sashe na musamman, Classiche, mai bincika tsofaffin motocinta ya ba su shaidar asali.

Nan ne muka sha bamban. Gwanintar makanikin Adjamé ita ce ya raya mota ko ta halin ƙaƙa: injin wannan, giyar waccan, ƙofar wata. Wallahi aiki ne na basira, shi ke riƙe da woro-woro a kan titi. Amma a idon masu tara motocin tarihi, duk canjin da ba a rubuta ba ragi ne a farashi. Ga danshin teku na Abidjan da ke cin ƙarfe ba sani ba sabo.

Kada ɗan kasuwarmu na Treichville ya ji labarin biliyoyi ya kwashi jarinsa ya zuba a tsohon ƙarfe. GTO 36 ɗin nan duk an san inda suke, ba za a tsinci ɗaya a garejin wani ba. Abin da ke hannunmu shi ne irin su Peugeot 504, wadda ta lashe tseren Bandama a nan Kodebuwa a 1978, da tsofaffin Marsandi na manyan ma'aikatan da. Tunda doka ta taƙaita shigo da tsofaffi, waɗanda suka rage a gari raguwa kawai za su yi ta yi, kowace rana ana farke wata a sayar da ita gunduwa-gunduwa. Mai irin wannan mota da injinta na asali da takardunta na farko, ya tambayi farashinta a Turai kafin ya miƙa ta ga masu awon ƙarfe da kilo.