Man birki: tambayar da ba mu yi wa direban ƴaƴanmu

Masu motocin tsere a Turai ba sa wasa da zaɓen man birki, domin sun san zafi ne ke kashe birki. Mu a Sabon Gida ba mu da motar tsere, amma muna da abin da ya fi ta buƙatar kulawa: tsohuwar mota maƙare da buhunan albasa, da fasinja, da ɗalibai masu komawa makaranta a Madawa ko Tawa. Motar da ta ɗauki lodi fiye da kima, tana gangarowa daga tuddan Adar tsakanin Keita da Buza a zafin watan Afirilu, birkinta na shan wuta kamar na mai tsere.

Idan direba ya taka birki, man ne ke kai ƙarfin ƙafarsa zuwa tayoyi. In man ya tafasa sai ya zama tururi, shi kuwa tururi matsewa yake yi. Nan take feda ta nutse har ƙasa, mota kuma ba ta tsaya ba.

Shi ya sa ake rubuta lamba a jikin gora. Bisa ƙa'idar ma'aikatar sufuri ta Amurka, sabon DOT 3 bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 205 ba, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma digiri 260. Sai dai waɗannan mayukan suna zuƙar danshi daga iska. Da ruwa ya kai wajen kashi 3.7 cikin ɗari, DOT 3 na iya tafasa a digiri 140, DOT 4 a 155. Ke nan tsohon mai tsada bai kai sabon mai araha ba.

A ganina, kuskure ne mutum ya ɗauka babbar lamba ita ce mafi kyau. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran, kuma bai dace da yawancin motoci masu ABS ba. Abin da ke rubuce a murfin tankin man birki shi za a bi. A sayi gora a rufe, ba wadda aka ɗura a bakin tasha ba. A zubar da tsohon mai gaba ɗaya kusan duk shekara 2. Man inji kuwa kumbura robobin birki yake yi, ruwan sabulu kuma tsatsa yake kawowa, ga saurin tafasa.

Wani zai ce direba na fama da tsadar fetur da kayan gyara. Gaskiya ne. Amma kuɗin gorar man birki bai kai na taya ɗaya ba, balle jinyar yaron da ya karye.

Iyaye, muna ciniki kan kuɗin mota har murya ta dushe, amma ba mu taɓa cewa: “Malam direba, yaushe rabonka da sauya man birki?” Tambayar ba raini ba ce, shi ma ransa na cikin motar. Malamai kuma, ga darasin kimiyya a ƙofar aji: tafasa, tururi da matsin ruwa. Yaron da ya gane wannan yau, gobe in ya zama direba ko bakanike ba zai zuba wa birki abin da ya ga dama ba. Kafin makaranta ta ɗauki hayar mota don jarrabawa ko wasan ƙwallo, shugaba ya sa a buɗe murfin nan a duba.

Allah ya kiyaye hanya, mu kuma mu ɗaure raƙuminmu.