Kan Maciji da Dariyar Matasa

Masu kushe fina-finan ban tsoro da ake cakuɗa su da barkwanci, irin su Evil Dead II na 1987 da Braindead na 1992, cewa suke jini ne kawai ake kwararwa ba kan gado. Ban yarda ba. Wanda ya je rijiyar Kusugu a Daura zai ji yadda maciji mai suna Sarki ya hana mutane ɗibar ruwa sai ran Juma'a, har Bayajidda ya sare masa kai cikin dare. Amma daɗin labarin na washegari ne, da Sarauniya Daurama ta nemi wanda ya yi aikin: maza suka yi ta bugun ƙirji, aka ce to a kawo kan, sai kowa ya yi tsuru-tsuru. Tun kaka da kakanni muke haɗa tsoro da dariya. Matashin da ke ƙyaƙyatawa ganin yankakken hannu na bin mai shi da duka a fim ya san roba ce da jan ruwa, wuce gona da irin ne ke sauke masa fargaba. Abin da ba na so shi ne a kunna wa ƙananan yara irin wannan fim a gidan kallo da daddare, ba babba kusa.