Wa Ya Kori Samarin Gusau Daga Naira?

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai na amayar da ita ko da za a ce na cika baki. Tun da darajar naira ta shiga zubewa, manyan Babban Bankin Nijeriya suka sami waɗanda za su rataya wa jakar tsaba, wato samarin nan masu cinikin kuɗin intanet da ake kira kirifto. Wai su ne suka karya naira. To, ni mutumin Zamfara ne, na kuma ce sam ba haka zancen yake ba.

Mu bi abin daki-daki. Ran 5 ga Fabrairu, 2021, bankin ya umarci bankunan kasuwanci su rufe asusun duk mai wannan ciniki. Cinikin bai mutu ba, sai ya koma hannu da hannu ta waya, inda hukuma ba ta ganin komai. Ran 25 ga Oktoba na wannan shekara kuma sai ga Shugaba Buhari yana ƙaddamar da eNaira, wai kuɗin intanet na gwamnati. Abin dariya, wai yaro ya tsinci haƙori! A ranar da ake wannan biki a Abuja, mutanen Tsafe da Bunguɗu ko gaisuwa ba su iya yi ta waya, domin tun farkon Satumba aka katse layukan sadarwa a jihar saboda 'yan bindiga, garin Gusau kaɗai aka maido wa. Da me mutumin Bunguɗu zai taɓa eNaira?

Wannan duk somin taɓi ne. A Oktoba 2022 Gwamnan bankin, Godwin Emefiele, ya ce za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, cikin dalilansa har da hana biyan kuɗin fansa. Aka janye tsofaffin kuɗi, sababbin kuwa sai a labari. Duk wanda ke Gusau a Fabrairun 2023 ya ga dattawa suna sammako ƙofar banki, su wuni cikin rana su koma gida hannu rabbana. Manomi ya kai buhun masara kasuwa, ga mai saye, ga kaya, babu tsabar kuɗi, sai ya karyar don ya sami na cefane. Mutum ya sayi nairarsa da nairarsa a wurin mai POS! Abin ya kai har gwamnatocin Zamfara da Kaduna da Kogi suka maka Gwamnatin Tarayya a Kotun Ƙoli, ran 3 ga Maris, 2023 kotun ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Satar mutane fa? Ku tambayi masu bin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ko ta tsaya.

Ba a warke daga wannan ba, a Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar Amurka da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Malam mai karatu, ka ɗauka kai ne ka tara kuɗin makaranta, kana kallo suna narkewa kamar kitse a rana, ga wani abu a wayarka mai suna USDT wanda aka ɗaure darajarsa da dala. Me za ka yi? Saurayin nan bai karanta ilimin tattalin arziki ba, amma ya san wuta in ta taɓa shi.

Bankin da kansa ma bai tsaya kan magana ɗaya ba. A Disamba 2023 ya janye hanin 2021. Bayan wata biyu sabon Gwamna, Olayemi Cardoso, ya ce dala biliyan 26 sun ratsa ta kamfanin Binance cikin shekara guda, aka tsare jami'an kamfanin biyu a Abuja. A Maris 2025 kuma aka sa hannu a dokar da ta amince da irin waɗannan kadarori. Yau a hana, gobe a halatta, jibi a kama. Haba!

Kada 'yan'uwana ɗalibai su ce na zo yi wa kirifto kirari. Masu cewa kuɗi ne marar sarki, ku ma kun yi kuskure, gudun gara ne kuka faɗa gidan zago. Yana da sarki, a Washintan yake zaune. Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021. Da babban bankin Amurka ya soma ƙara kuɗin ruwa a Maris 2022, masu hannu da shuni suka kwashe dukiyarsu suka koma inda riba ke da tabbas, kafin Nuwamba ya faɗo wajen 16,000. Daren da Iran ta harba makamai kan Isra'ila a Afrilun 2024, farashi ya rikito cikin sa'o'i kaɗan. Ran 10 ga Oktoba, 2025, Trump ya yi barazanar ƙarin haraji kan kayan Sin, masu ciniki da bashi suka tafka asarar biliyoyin dala a yini ɗaya. Yaro yana barci a Tudun Wada, jarinsa na ƙonewa saboda rigimar da bai san mafarinta ba. Ga kuma 'yan damfara irin su CBEX da suka gudu da kuɗin jama'a a Afrilun 2025.

Duk da haka ba zan raba laifin daidai ba. Wanda ya kori kaza ba shi da bakin zarginta don ta faɗa rijiya. Mai ganin samarin Gusau ne suka karya naira, ga fili ga mai doki, ya rubuto a fitowa ta gaba ya gaya mana wane ɗan kirifto ne ya janye kuɗi daga hannun manoman Bunguɗu a 2023.