Ingarman Gwanjo da Albashin Mataki na Takwas

Akwai wata cuta da ta shigo wa samarinmu masu ilmin zamani, kuma da yake ba ta sa zazzaɓi ko tari, babu wanda ya taɓa kai ta asibiti. Yaro ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, Allah ya taimake shi ya sami aikin gwamnati a mataki na takwas, tun bai karɓi albashi na shida ba sai ka ji ya fara zancen wata tsohuwar motar gudu da ya gani wurin dillalai, gajeriya kamar ta durƙusa, wadda in an tashe ta duk unguwa sai ta sani. Wai araha ce. Wai wanda ya saye ta sabuwa a Amurka ya zuba dukiya, ga shi yanzu ana ba da ita a kan kuɗin da bai wuce na motar iyali ba. Har a ɗakunan kwananmu na nan makaranta akwai waɗanda ko keke ba su mallaka ba tukuna, amma sun haddace sunayen waɗannan motoci da ƙarfin injinsu fiye da yadda suka haddace darasin da za a yi musu jarrabawa a kai.

Ina da ja a kan wannan araha. Duk wanda ya tashi a gidan da ake ajiye doki ya san kuɗin sayen ingarma shi ne ƙarami a cikin hidimarsa. Harawa da dusa da kanwa da ladan yaron barga su ne ke cinye mutum, kuma doki bai san an saye shi da rangwame ba, cikinsa na nan yadda yake a bargar sarki. To, haka motar gudu take. Kuɗinta na faɗuwa kowace shekara, amma kuɗin tayarta da birkinta da baƙin manta suna nan a kan ma'aunin attajirin da aka ƙera ta dominsa. Faɗuwar kuɗin nan kuwa lissafi ne. Mutanen ƙasar da aka ƙera ta, masu garejin da suka san ta ciki da waje, sun ƙididdige abin da za ta ci nan gaba, suka cire shi daga farashinta, suka miƙo maka ragowar. Abin da kake kira araha bashi ne da wani ya gudu ya bari.

Don kada a ce zancen baki nake yi, bari mu ɗauki mota guda mu buɗe cikinta. BMW M5 da aka ƙera daga 2005 zuwa 2010, da ƙanwarta M6 mai ƙofa biyu, inji ɗaya gare su: silinda 10, girman lita 5, ƙarfin doki 507, yana juyawa har sau 8,250 a minti guda. Daga tsaye takan kai gudun kilomita 100 a cikin daƙiƙa biyar ba kaɗan. Ba zan yi wa injin nan ƙarya ba, gwanin inji ne, an yi shi ne da koyi da na motocin tsere, har ya ci kyautar injin shekara ta duniya a 2005 da 2006. Sa'ad da M5 ta fito, kuɗinta a Amurka ya haura dala 80,000. Yau sau da yawa ana samun ta a can a kan abin da bai kai sulusin wannan ba. Wannan shi ne abin da ke ruɗin ɗan'uwanmu.

Mu fara da abincinta. Kamfanin da kansa ya ce tana shan lita 14.8 a kowane kilomita 100 in an haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya, a cikin gari kuwa ta wuce lita 20. Tankinta lita 70 ne. Ran 29 ga watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. A cikin wannan shekara ta 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Watau a lokacin, cika tankin motar nan sau ɗaya daidai yake da guminsa na wata guda cur ga masinjan ofishinku. Tankin kuma ba zai yi maka mako biyu a cunkoson Kano ba. Sa'an nan ba kowane fetur take so ba: an tsara injin ne a kan mai mai daraja ta 98, alhali gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa, wanda bai kai wannan daraja ba. Na'urar motar za ta rage wa injin kuzari don ta kāre shi, sai ya zama ka biya kuɗin dawaki 507, kana hawan waɗanda suka samu. Kada kuma a manta da watan Fabrairu na 2022, sa'ad da aka shigo da fetur mai gauraye da sinadarin metanol fiye da kima, ya lalata motocin jama'a a Legas da Abuja. Motar da ba ta da tsirfa ma ta ji jiki, balle wannan.

Amma fetur abu ne da ake gani, mutum na iya ajiye motar in aljihu ya yi sanyi. Abin tsoro yana can cikin inji inda ido ba ya kaiwa. Tsakanin sandar kowane fistin da babban ƙarfen da ke juyawa a gindin inji akwai waɗansu siraran ƙarafa biyu masu siffar rabin awarwaro. Ɗan siririn baƙin mai ne kaɗai ke raba su da gogayya. A wannan inji ratar da aka bari ƙanƙanuwa ce ƙwarai, man da aka wajabta masa kuwa mai kauri ne, wanda ake kira 10W-60, yana shan fiye da lita 9 a kowane canji. In aka taka motar da ƙarfi tun inji bai yi ɗumi ba, ko aka zuba mata man da ba nata ba, ko aka yi jinkirin canji, sai ƙarafan nan su riƙa cinyewa a hankali, ba ƙara ba hayaƙi, har ranar da inji zai buga gaba ɗaya. Saboda haka masu irin wannan mota a Turai da Amurka da yawa kan sa a kwance gindin injin a canja su tun lafiya lau, da zarar ta doshi kilomita 100,000. Ka ji fa: gyaran abin da bai lalace ba tukuna, da kuɗi mai nauyi, don gudun wanda ya fi shi. Wane ma'aikacin mataki na takwas ne zai kai motar da ke tafiya sumul gareji a kwance ta? Ba zai kai ba. Zai ce Allah ya tsare, kuma lalle Allah na tsarewa, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka tukuna.

Ban da wannan akwai waɗansu na'urori biyu masu buɗe wa inji iska, ɗaya a kowane ɓangare, masu haƙoran roba a ciki. In haƙoran sun cinye sai motar ta rage gudu da kanta, ta koma tafiyar kura da ƙaya a ƙafa. Giyarta mai hawa bakwai famfon mai ne ke canja ta, shi ma yana da ranarsa, kulocin kuma ba ya son tsaya-tafi ta cikin gari. Tayoyinta na inci 19 ne, na baya sun fi na gaba faɗi, don haka ba a musanya su, gefensu kuma siriri ne, rami ɗaya na damina ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa ƙarfenta. Wani abin dariya, ba a yi mata wurin safaya ba sam. Ɗan famfo da ruwan liƙi aka ba ta, domin waɗanda suka tsara ta sun ɗauka duk inda ta tsaya akwai motar janwe a kusa. A tambaye su ko sun san dajin da ke tsakanin Birnin Gwari da Tegina.

Na san abin da za a ce. Za a ce ai na zaɓi mai laifi ne, ƙirar Jamus kuwa kowa ya san ta da ƙarko. To, ga Porsche, wadda sunanta ya fi na kowa a wannan fage. A cikin injin 911 da Boxster na ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar na 2000 akwai wani boris guda ɗaya a ƙarshen sandar da ke jan sarƙoƙin inji. In ya watse, inji ya tafi. Ba duka ne ke watsewa ba, yawancinsu ma lafiya suke ƙarewa, amma abin ya yi yawan da masu motocin suka haɗu suka kai ƙara a Amurka, aka yi sulhu a 2013 a kan motocin 2001 zuwa 2005. Kafin a kai ga boris ɗin nan sai an sauke giya. Ƙarfen da za ka rufe a tafin hannunka, shi ke riƙe da rabin darajar motar. Maganar a nan ita ce, ƙarko iri biyu ne. Akwai na abin da ke jure gudu in ana kula da shi bisa ƙa'ida, akwai na abin da ke jure sakaci. Motar gudu tana da na farko. Mu kuwa, da ƙurar hunturunmu da zafin Afrilu da ke haura 40 a Sakkwato da Maiduguri da albashin da ke zuwa a makare, na biyun muke bukata.

Iyayenmu sun san wannan. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 su ma sun yi tasu wautar, an sayi babura da rediyo da abin da ba a bukata. Amma motar da ƙaramin ma'aikaci ya ci wa buri a zamanin ita ce Peugeot 504, wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna tun daga 1975 har kimanin shekara 30. Ba ta da wani gudu na a zo a gani, sai dai duk ƙauyen da ta tsaya akwai bakaniken da zai tashe ta da sifana da filaya. Yau Corolla ce ta gaje ta, wadda aka sayar da fiye da miliyan 50 a duniya zuwa 2021. M5 ɗin da muke magana kuwa kimanin 20,000 kawai aka yi. Wannan bambanci shi ke nuna abin da za ka tarar a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas. Kayan Corolla sai ka zaɓa ka darje. Na waccan kuwa sai an yi odarsu daga waje, da dala, a jira makonni. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 a watan Mayu na 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Albashinka naira ne, cutar motarka dala ce. Kanikawanmu kuma, duk da basirarsu da ba a musu, ba a yi musu adalci ba in aka kawo musu injin da sai da kwamfutar kamfaninsa ake gane ciwonsa. Za su koya, amma a kan motarka za su koya, kai ne kuma za ka biya kuɗin makarantar.

Sai kuma tarihin motar kanta. Mai sayen motar gudu sabuwa ba don zuwa kasuwa ya saye ta ba. Na biyu ya more ta, na uku ya fara tsallake gyara, na huɗu ya buga ta ko ruwa ya ci ta, kamfanin inshora ya biya shi ya kai ta gwanjo. Ambaliyar guguwar Harvey kaɗai, a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a jihar Texas. Daga irin wuraren gwanjon nan ne motoci da yawa ke hawa jirgin ruwa zuwa Kwatano da Legas, a buge su, a yi musu fenti, wani lokaci a mai da agogon tafiyarsu baya. Kai ne na biyar, kana cinikin biri a sama. Masu cewa irin waɗannan motoci daraja suke ƙarawa in sun tsufa, gaskiya ne ga 'yan kaɗan, waɗanda aka killace a ɗaki da takardun gyaransu cif tun daga ranar farko. Wadda ta sha ramukan Zariya ba takarda ko ɗaya ba ta cikin wannan lissafi.

Saura masu cewa kuɗinsu ne, ina ruwan wani. Da a ce kuɗinsu ne da na yi shiru. Ɗan attajirin da zai iya ajiye ta ya ajiye bakanike ya ajiye wata motar ta zuwa aiki, shi da aljihunsa, Allah ya sa alheri. Amma wanda nake magana da shi rancen banki ya ci, ko na ƙungiyar ma'aikata, ko ya sa an sayar da gonar gado, alhali ƙannensa na jiran kuɗin makaranta. Kuma ranar da aka ce masa gyaran inji ya fi albashinsa na shekara, shi da ke zaune a kan teburin da fayil ɗin 'yan kwangila ke bi, me kuke tsammani zai faru? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin masu karɓar na goro ba da niyyar sata suka shiga aiki ba, hidimar da ta fi ƙarfin albashi ce suka ɗora wa kansu tun da wuri. A nan ne ruwan kowa ya shigo.

Duk wannan wahala kuma don me? An ƙayyade gudun motar a kan kilomita 250 a awa. Dokar hanya a Nijeriya ta tsayar da ƙaramar mota a kan 100 a babban titi mai hannu biyu. Ragowar 150 ɗin nan da ka ci bashi dominsu ba ka da inda za ka taka su, sai fa in kana so ka gwada su a kan hanyar da tirela ke kwana ba fitila, shanu kuma ke tsallakawa ba sallama.

In duk da haka zuciya ta ƙi haƙura, to kafin ka miƙa ko kwabo, karɓi lambar jikin motar mai harafi da alƙalami 17 a bincika maka tarihinta a ƙasar da ta fito. Nemi takardar da ta nuna ranar da aka canja ƙarafan gindin inji da garejin da ya yi aikin. Sa'an nan ka sa dillalin ya rubuta maka da hannunsa kuɗin tayoyi huɗu da kuloci da na'urar iska guda ɗaya, da sunan shagon da za a same su a garinku, ka ajiye takardar kusa da ta albashinka.